Bazabarme a bakin teku, ranar da kasuwa ta watse

Bawana, Bazabarme sarkin kopto. Hoton da ka turo ta WhatsApp ya iso Korahane lafiya, har ya zagaya majalisar shayi sau uku kafin wayar ta dawo hannuna. Ga ka tsaye a bakin tekun Rimini ta ƙasar Italiya, rigar sanyi kan rigar sanyi, hula ta rufe kunnuwa, haƙora duk a waje. Ka ce murmushi ne. Wani dattijo ya ƙura wa hoton ido, ya ce a'a, wannan yaron makyarkyata yake yi.

Wa ya aike ka a watan Janairu? Rimini garin Agusta ne. Rairayin bakin ruwanta ya kai kilomita 15, an yayyanka shi kamar gonakin gado, kowane fili da lambarsa da mai kula da shi, laimomi a jere kamar kunyoyin gero. Ranar 15 ga Agusta, hutun da suke kira Ferragosto, ko wurin shimfiɗa buzu ba ka samu. Kai kuwa da ka ji an ce ɗakin otal ya faɗi, sai ka ɗaure kaya. Araha ba ta ado. Ka tarar an naɗe laimomi, an garƙame rumfuna, yawancin otal-otal sun rufe sai zafi ya dawo, ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi.

To, zo mu yi lissafi. Me ka gano? Rairayi, da iska mai tsaga leɓe, da hazo, da gari ba samari sai tsofaffi na yawo da karnuka. Bawana, ai wannan Korahane ce cikin hunturu! Gero na shiga rumbu samarinmu ke watsewa cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya, a bar mu da tsofaffi da ƙura. Duk abin da ka sayi tikitin jirgi don ka gani, ga shi nan ƙofar gidana kyauta.

Za ka ce ruwa. Ku ƴan bakin kogin Isa ba ku da aiki sai yi mana gorin ruwa. Gaskiya ne rijiyarmu sai raƙumi ya yi tafiya da igiya kafin wasaki ya leƙo, amma abin da ya fito ana dama hura da shi. Naka fa? Ko jaki ba ya sha, kai kanka ko ɗan yatsa ba ka tsoma ba.

Abu guda na sallama maka: gadar Tiberiyo. Rumawa sun gama ta a shekara ta 21 miladiyya, baka biyar na farin dutse, yaƙin 1944 ya ragargaza garin ya bar ta tsaye. Ta girmi Birnin Lalle, ta girmi Alƙalawa, kuma Bagobiri ba ya faɗin haka da sauƙi. Sai dai a hoton da ka ɗauka, hazo ya cinye rabinta, kanka ya tare sauran.

Abin da ya kashe ni da dariya shi ne taron da ka ce ka samu cike da jama'a. Na bincika: SIGEP ne, baje kolin masu askirim da burodi da kofi da ake yi can duk Janairu. Mutum na rawar ɗari, ya bi layi a ba shi ƙanƙara a cokali! Ita kuma gurasarsu piyadina da kake ta yabo, ina fata ka tambaya ko ta man zaitun ce, don ta gargajiya da kitsen alade ake murza ta. Na san ka, da yunwa ta taso Italiyancinka ke gudu.

Kakanku Mali Bero, da kuke cewa ya taso da jama'arsa bisa gindin rumbu mai tashi sama, ko ba komai bai biya ko dala ba, kuma inda ya sauka akwai mutane.

In ka dawo, biyo ta Maradi ka hau motar Dakoro. Na share maka tudun rairayi bayan gari, laima kuma akwai aduwa guda. Kwana jika biyar, don kai ne. Rigar sanyin nan ta sama kuwa ka cire ta tun daga tasha, ita ce kuɗin sharar bana.