Yadda Ake Sasanta Agogon Zafi Biyu a Mota Ɗaya

Duk mai motar da ya shiga shagunan kayan mota na Sabon Garin Zariya ya sayo agogon zafi irin na yayi, mai jajayen lambobi, ya sa rewaya ya ɗaura masa a gefen sitiyari, to ya sani ya yi wa agogon kamfani kishiya, kuma kwanciyar hankalin da ya saba da ita a kujerar direba ta yi ƙaura. Uwargida, wato allurar da ta zo da motar tun daga masana'anta, za ta kafe a tsakiya tun daga Samaru har PZ ba ta ce uffan ba. Amarya kuwa ba ta iya riƙe magana: 84 a Palladan, 98 a cunkoson Kwangila, 90 da zarar hanya ta buɗe. In hankalin maigida ya tashi ya kai motar gareji aka jona mata kwamfuta, sai ga lamba ta uku da ba ta goyi bayan kowa ba. Daga nan shawarwari ke fara zuba, kowa da tasa: a sauya lagireto, a cire tamostat, a ɗaura fanka kai tsaye, a buɗe kan inji. Tawa shawarar ita ce a dakata tukuna. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Kowanne yana faɗin abin da ya ji ne daga inda aka zaunar da shi, kuma wanda ya yanke hukunci bai binciki wurin zaman ba, aljihunsa ne zai gaya masa.

Fara da fahimtar shirun uwargida, domin tarbiyya ce aka yi mata. Inji mai lafiya ba ya zama a lamba ɗaya. Tamostat yakan fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 90, gwargwadon irin motar, fankar lantarki kuma takan tashi a wajejen 95 zuwa 105, ta sauko da zafin, ta koma ta kwanta. Haka zafin ruwan inji yake ta hawa da sauka har a kai inda za a je. Kamfanoni sun ga cewa allurar da ke bin kowane motsi tana ta mayar musu da masu motoci da ƙorafin da ba shi da tushe, sai suka tsara ta yadda za ta zauna a tsakiya muddin zafin bai fita daga iyakar lafiya ba. A Golf 4 da waɗanda suka biyo bayanta, allura na nuna 90 cif, ko ruwan yana 80 ko ya taɓa 100. Wasu ƙananan motoci ma ba su da allurar sam, sai fitila shuɗiya da ja. Direbobin da suka yi zamani da Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun saba da allura mai motsawa in an yi lodi ko an kama tudu, don haka ba laifinsu ba ne in sun ƙi yarda da wadda ba ta ko gezau.

Sai ka buɗe bonet ka duba da idonka inda aka ɗaure kowane sansa, domin rabin rigimar a nan take. Wanda birenbos, wato kwamfutar motar, ke dogara da shi yana kan inji ne, kusa da gidan tamostat, inda ruwan ya fi zafi. Na kasuwa kuwa, da yake ba a tanadar masa mazauni ba, akan yanka tiyon lagireto na sama, a saƙala ɗan bututun ƙarfe, a ɗaura shi a nan. Ruwa ba ya gudu sosai a wannan tiyon sai tamostat ya buɗe. Da safiyar hunturu, lokacin da sanyin Samaru ke sauka ƙasa da digiri 15, inji na iya kai 75 alhali sabon agogo yana jan ƙafa a 40, can sai ya yi tsalle lokaci ɗaya har gaban direba ya faɗi. In kuwa a tiyon ƙasa aka sa shi, ruwan da lagireto ya riga ya sanyaya yake aunawa, kullum zai nuna ƙasa da zafin kan inji, wani lokaci da digiri goma ko fiye. Ko a jikin inji ɗaya ma, saɓanin digiri uku zuwa biyar tsakanin nan da can bai kai a kira taron dangi ba.

Ɗaya rabin rigimar a waya take. Sansan zafi ɗan ƙarfe ne mai wata ƙwaya a ciki, wadda ƙarfinta na tare wuta ke raguwa gwargwadon yadda zafi ke ƙaruwa. Irin na Bosch da ke cikin motoci da yawa ƙarfinsa na tare wuta yana kusan om 2,500 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80, ya gaza 200 a digiri 100. Ka ga ke nan a yankin da inji ke aiki, abin da ya raba digiri ɗaya da na gaba 'yan om ne ƙalilan, ta yadda tsatsa a soket ko wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ta isa ta karkatar da lissafi. Sansa mai waya ɗaya ta jikin ƙarfen inji yake samun at, wato hanyar komawar wuta, saboda haka farin tef ɗin masu aikin famfo da ake nannaɗa wa zarensa don hana yoyo na iya toshe masa hanya. Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo: mota na tsaye tana aiki, kunna manyan fitilu, in lambar ta motsa nan take to at ne ya lalace, don fitila ba ta dafa ruwa. Haka nan kowane agogo da irin sansan da aka gwada shi da shi; in na asali ya ɓata aka ɗauko wani a tire don kawai zarensu ya zo ɗaya, an haɗa kurma da mai raɗa. Sannan a duba ƙaramin harafin da ke gefen lamba. Agogo da yawa da ma'aunin Amurka suke zuwa, kuma 200 a ma'aunin F digiri 93 ne kacal a namu, ba dalilin da zai sa mutum ya fice daga mota da gudu ya bar takalmi.

Wani zai ce duk wannan bayani ne, shi so yake ya san wa zai bi. Akwai hanyar sani, kuma gani ya kori ji. Tun 1996 doka ta wajabta soket ɗin OBD2 a motocin Amurka, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, don haka yawancin 'yan Kwatano da ke yawo tsakanin Samaru da Sabon Gari suna da shi a ƙarƙashin sitiyari. Da 'yar na'urar da ake soka masa da wayar hannu, za ka ga ainihin lambar da birenbos ke gani, wadda da ita yake tada fanka yake auna mai. Ka yi gwajin da sassafe, bayan mota ta kwana ba a tada ta ba: zafin ruwa da na iskar da ke shiga inji su zo kusan ɗaya da na gari. In gari yana 20 sansan inji yana cewa 45, ka kama mai laifi tun ba ka karya kumallo ba. Na kasuwa kuma, a kwance shi, a bar wayoyinsa a jone har da ta at, a tsoma bakinsa a butar shayi mai tafasa. Zariya ta haura mita 600 daga doron teku, ruwa na tafasa a wajen digiri 98. In ya nuna haka, mai gaskiya ne. In ya ce 108, ka san yana ƙara wa zance goma, sai a sauya shi ko a riƙa cire masa ƙarin.

Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne maganin da ya fi yawa a garejinmu: cire tamostat da ɗaura fanka kai tsaye, don a ga lamba ta sauko 65 hankali ya kwanta. Bakanike zai ce wannan ƙarfe na ƙasashen ƙanƙara ne, bai dace da zafin Afrilu da ke kusantar digiri 40 ba. Ba a banza yake faɗa ba. Ya sha ganin tamostat da ya maƙale a rufe ya ƙone gaskit, ya sha sayo sabo a kwali ya tarar jabu ne, kuma ga wanda mota ta tsaya masa a hanyar Giwa da magariba, cirewar ce za ta kai shi gida. Amma sababbin motocin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai duk da tamostat suke fita, kuma zafin can ya fi namu. Injin da aka hana shi ɗumama, birenbos yana ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama tashi ba, sai ya yi ta ƙara masa mai. Fulogi ya yi baƙi, man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba asarar da za a kawar da kai a kanta ba ce. A wasu injunan ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba, in aka cire shi zafin ƙaruwa yake yi a cunkoso. Garin gyaran gira an rasa ido, alhali ainihin ciwon yana nan: lagireton da ƙurar hunturu ta toshe ta waje, tsatsar ruwan rijiya ta toshe ta ciki, ko murfin da ya daina riƙe iska. Wannan murfin, in yana da lafiya, shi ke sa ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, shi ya sa 100 a agogo ba ta nufin wuta ta kama.

To ashe sayen agogo na biyun ɓarnar kuɗi ne? A ganina a'a, musamman ga tsohuwar mota mai yini a hanya. Allurar kamfani ba ta barin tsakiya sai abu ya kusa ɓaci, mai lambobi kuwa yana nuna sauyi tun da wuri. Sai dai halinsa ake karantawa fiye da lambarsa. In ya saba kai 97 a ƙarƙashin gadar Kwangila fanka ta tashi ya sauko, wannan al'adarsa ce. Ran da ya wuce nan ya ci gaba da hawa ba ka ji kukan fanka ba, ko ya fara hawa a buɗaɗɗiyar hanyar Kano inda iska ke wadace, a kashe esi, a kunna hita har ƙarshe ko da gumi zai jiƙa babbar riga, a nemi gefen titi. Mafi haɗari shi ne ranar da lambar ta hau sannan ta faɗi haka kawai, domin sansan da ruwa ya janye ya bar shi a cikin iska yana iya nuna sanyi alhali kan inji yana gasuwa, kuma a wannan hali agogunan biyu na iya haɗa baki su ce lafiya lau. In ka ga haka, ko ka ji warin kulant, ko hita ta koma hura sanyi, kashe inji nan take. Kada ka taɓa murfin lagireto, komai yawan masu miƙo maka ruwan leda, sai an yi aƙalla rabin awa kuma tiyon sama ya yi laushin da za ka iya matsa shi da hannu.