Jinjina ga Dattijo Mai Cire Takalmi

Allah ya yi wa ƙasar Kurfai baiwa da wani irin dattijo wanda ya isa a buga masa tambari tun daga Filinge har Shikal da Tukunus. Giwa mai tafiyar ƙasaita, bango madafar bayi, rumbun kunya, wanda bai taɓa shiga zauren surukinsa da takalmi ba. Idan ya tsaya gaisuwa a bakin kasuwar Lahadi sai ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida da yara da sanyi da zuwan bara, kuma ba zai saki hannunka ba sai ka amsa "lahiya lau" har muryarka ta dushe. Wanda ya ga wannan ya ga tarbiyya da idonsa.

A rumfarsa ta hatsi ake ganin cikar girmansa. Tiya biyu gare shi, domin babban mutum ba ya zama da abu ɗaya. Ta saye mai zurfin ciki ce, takan haɗiye hatsin manomi har da tozo. Ta sayarwa kuwa an ɗan bubbuge gindinta ya shige ciki, sai ta cika da wuri don kada mai saye ya gaji da tsayuwa. Duka biyun da hannun dama yake ɗaukarsu, da bisimilla a bakinsa. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya zama fanko kuma gero bai nuna ba, yakan ba talaka buhu ɗaya, ya karɓi biyu da kaka, kuma saboda tsarkin harshensa bai taɓa kiran abin kuɗin ruwa ba. Taimako yake cewa. A 2005, bayan fari da fara sun haɗu sun cinye gonaki a daminar da ta gabata, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, sai ya rufe sitonsa ya yi ta jiran farashi ya ƙara hawa, da irin haƙurin da sai waliyyai. Duk jana'izar yaron da aka yi a unguwa a wannan shekara, shi ne a sahun gaba.

Ina za a sami mai kunya irinsa? 'Yarsa ta fari ta kai shekara 14 bai taɓa furta sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, "waccan yarinya" kawai yake cewa. Shi ya sa ranar da ya cire ta daga lakwal ya ba abokin cinikinsa mai furfura, bai tambaye ta ko tana so ba, domin tambaya sai an haɗa ido, kuma ɗan asali ba ya haɗa ido da 'yar fari. Ƙididdigar UNICEF ta ce kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika 18, mafi yawa a duniya, kuma irin su dattijo ne suka ɗauko mana wannan kambi da guminsu. A 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun 'ya mace, amma doka ba ta san goro nawa ake rabawa a ɗaurin aure ba, shi kuwa ya sani, kuma ya raba har da dabino. Da haihuwa ta zo wa yarinyar da gardama, ta kwana biyu tana naƙuda, ta tashi da yoyon fitsari, miji ya sallame ta, aka kai ta Yamai, dattijo bai taka asibitin ba. Kunya ce ta hana shi, kuma gari ya yaba.

Albarkacinsa ne muka san su wane ne lalatattu. Akwai wani saurayi da ya dawo daga cin rani a Abijan, wanda ke aiko wa tsohuwarsa kuɗi duk wata, ya kuma biya wa marayun maƙwabta kuɗin magani. Wannan ɗan, subhanallahi, ya gaida dattijo a tsaye, ya miƙa masa canji da hagu, an kuma ji shi yana kiran matarsa da sunanta. Mako guda ana maganarsa a majalisa, har aka aika wa uwarsa a ce ta ja masa kunne. Marayun nan kuwa 'ya'yan ƙanen dattijo ne. Ranar rasuwar ubansu ya zauna kan tabarma kwana uku cur yana karɓar gaisuwa, carbi bai bar hannunsa ba, sa'an nan ya karɓi riƙon gonarsu ta cikin Dallol, mai ruwa kusa, wadda ake noman rani. Yana riƙe da ita har yau da amana, ƙam, yaran sun yi gemu bai sake ta ba.

Shi ne kuma mai gadin asali. Nijar ta haramta bauta da dokar 2003, amma ƙwaƙwalwar dattijo ta fi kundin alƙali, ya san kakan wa aka saya da kakan wa ke hura zugazugi. Malamin makaranta mai salla da gaskiya ya zo neman ƙanwar waccan yarinya, aka bincika aka iske jinin maƙera, aka mayar masa da goronsa cikin ladabi. Wanda ya same ta ɗan gidan girma ne, ya saki mata uku, amma ya iya durƙuso.

A gode wa Allah da ya wuce da zamanin marasa ladabi. Seyni Kountché, mutumin Fandu nan kusa da mu, wanda ya karɓi mulki a 1974 bayan an yi ta kukan karkatar da abincin agajin fari, yana da mummunar ɗabi'ar faɗo wa ma'aikata ba sallama, ba aike, ya ce a buɗe sito a ƙidaya. Ko ruwan baƙo ba ya jira. Yanzu kuwa, da aka tashi kafa kwamitin rabon hatsin agaji ga mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan arewa, manyan unguwa suka duba gabas suka duba yamma, ba su ga wanda ya kai dattijo kamala ba. Sau biyu yana ƙi don kawaici, a na uku ya karɓi mabuɗin da hannu bibbiyu, ya ce da tiyarsa zai zo don kada a wahala neman wata.