Babin Zumuncin Kaka

Malaman da suka biya mana Ahalari da Ishmawi da Risala, Allah Ya jiƙansu da rahama, ba su bar wata mas'ala ta ibada ko ta ma'amala ba face sun tsettsefe ta, tun daga hukuncin ruwan alwala har zuwa rabon gado. Amma akwai babi guda wanda na duba ban same shi a littattafansu ba, ko da yake mutanen unguwarmu ta Ajiya, da maƙwabtanmu na Limawa da Alkalawa da Luggere, sun haddace shi, sun kuma ƙware a aikinsa fiye da yadda suka ƙware a ƙabli da ba'adi. Babin nan shi ne na ziyarar 'yan'uwan ƙauye, wadda ba ta wajaba a kan mutumin Jimeta sai sharaɗinta ya cika, sharaɗin kuwa shi ne samun labari tabbatacce, daga bakin adilai biyu, cewa hatsi ya shiga rumbu.

Mutanen da suka ce zumunta a ƙafa take ba su yi ƙarya ba, sai dai sun manta su gaya mana cewa ƙafar mutumin birni tana da wani sanyin ƙashi mai sanin kalanda, wanda yakan tashi a tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, Binuwai ta cika ta batse, hanya ta zama taɓo, ya kuma kwanta da kansa ba tare da magani ba da zarar an fara jin ƙamshin sabuwar masara. A 2012 da 2022, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya haɗu da na sama ya shanye gonaki a kwarin Binuwai, zumuncin da yawa daga cikinmu bai wuce addu'a daga nesa ba, domin addu'a ba ta shan mai. Masu sa'a a cikin wannan fanni kuwa su ne waɗanda Allah Ya ba dangi a ƙasar masakwa, wato dawar rani wadda Fulani ke kira muskuwari, wadda ake yafa irinta tun ana ruwa, a tumɓuke dashen a kai shi baƙar lakar karal bayan ruwa ya janye, a huda rami da turke mai tsini, a ɗan tsiyaya ruwa, a dasa, ta rayu da damshin ƙasa kaɗai har a girbe ta cikin sanyin Janairu da Fabrairu. Saboda haka mai dangi a can sau biyu begen 'yan'uwa ke kama shi a shekara, alhali sauran jama'a sau ɗaya.

Na taɓa raka wani maƙwabcina, Alhaji ne mai shago a kasuwar Jimeta, irin wannan ziyara, zuwa wani ɗan ƙauye da ke can cikin fili bayan an wuce Fufore an nufi wajen Gurin, kusa da inda kogin Faro ke gangarowa ya tarar da Binuwai. Tsarabar da ya tanada ita ce burodi biyu, da sandar sabulu, da ƙullin alewa na yara, waɗanda aka ɗora a kujerar gaba domin kowa ya shaida. A bayan mota kuma, ƙarƙashin tabarma, akwai buhuna wofi a ninke, da na tambayi hikimarsu sai aka ce mini saboda ƙura ne. Muka bar kwalta, muka bi wata hanya wadda shanu suka fi mota saninta, fili ya buɗe ta ko'ina, ba tudu ba kwari, sai zangarkun masakwa farare sun sunkuya iyakar ganin ido, da duwatsu can nesa sun yi shuɗi wajen kudu, har muka hango tsamiya guda, da rijiya guda, da 'yan bukkoki da ba su cika ashirin ba, da rumbuna waɗanda, in gaskiya za a faɗa, su idon Alhaji ya fara gaisarwa kafin mutane.

Farillar farko ta wannan ziyara ita ce yabon ƙauye. Ba a gama shimfiɗa tabarma ba, bayan 'yar gaisuwa da guntun Fulatancin da birni ya rage masa, Alhaji ya ja numfashi ya dubi sama, ya ce wa ƙanin mahaifinsa, "Wallahi Bappa, ku ne a cikin ni'ima. Ga iska, ga shiru, ba kuɗin wuta, ba kuɗin ruwa. Ni da zan samu yadda nake so, nan zan dawo in ƙare rayuwata." Tsohon ya ce, "Madalla, ɗana. Ai ɗakin mahaifinka yana nan, jinka kawai yake so, gonarsa ma ga ta can ta yi saura." Daga nan Alhaji ya tuna cewa yana da muhimmiyar waya da zai buga, ya tashi ya bi sauran 'yan birni, waɗanda tuni suka hau kan suri a bayan gari, kowa ya ɗaga wayarsa sama, har wata tsohuwa ta tambayi jikarta ko wata sabuwar sallar roƙon ruwa ce aka fito da ita a Yola.

Sunnar da ke biye da ita ita ce hoto. Aka aro lauje, aka aro malfa, Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa mai aska takwas ya tsaya a bakin gona ya rungumi zangarniya, aka ɗauka, aka mayar wa mai lauje laujensa ko kara ɗaya bai yanka ba. Kafin sati ya zagayo kuwa duk mai Facebook a Jimeta ya san cewa noma gadonsa ne.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wa'azin noma, domin mutumin da rabonsa da fartanya tun kafin a raba jihar Gongola a 1991, wanda in aka ajiye masa gero da maiwa sai ya nemi fatawa, shi ne ya tara dattawan da suka tsufa a kan karal yana karanta musu yadda ake yi a Amurka da Sin, yana zarginsu da rashin wayewa don ba su sayi tarakta ba, su kuwa suna gyaɗa kai suna cewa "haka ne, Alhaji" da irin haƙurin da ake yi wa mai zazzaɓi. Na tuna da Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, wanda ya iso Yola a watan Yuni na 1851, Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama ya sallame shi bayan 'yan kwanaki saboda ya zo da takardar Borno. Shi dai, duk da kasancewarsa baƙo na nesa, tambaya ya riƙa yi yana rubuta sunan gari da kogi da abin da ake shukawa, bai ce zai koya wa kowa noma ba. Kuma da mai raina ƙauye zai waiwayi tarihi kaɗan, da ya ga cewa Modibbo Adama ya zauna a Gurin, ya zauna a Ribadu, kafin ya kafa Yola a 1841, kuma tsohon masallacin Gurin da ake alfahari da shi da karan dawa aka gina shi. Ashe birnin ne ɗan ƙauyen, ba ƙauyen ne bawan birni ba.

Su kuwa mutanen gida, nasu aikin suke yi. Zakaran da ke tashin gari sallar asuba ya riga mu gidan gaskiya kafin azahar, aka kawo tuwon masakwa, aka kawo dakkere da kindirmo mai sanyi a ƙwarya, 'ya'yan Alhaji da suka zo da ruwan gora don tsoron ruwan rijiya suka manta da tsoron suka shanye har da lashe ludayi. Da la'asar ta yi sanyi aka shiga rukuni mafi girma, wato rukunin ƙin karɓa, wanda ba ya inganta sai an haɗa lafazi da aiki: baki yana cewa "A'a Goggo, don Allah kada ku wahalar da kanku, mu zumunci kawai ya kawo mu," hannu kuwa yana laluben makullin bayan mota. Buhunan ƙura suka fito suka sami aikin yi. Aka ɗora masakwa, aka ɗora shinkafa shanshera, da gyaɗa, da kuɓewa busasshiya, da man shanu a kwalba, da kaji biyu a ɗaure, har motar ta durƙusa da gindinta.

Na yi lissafin abin a zuci bisa ƙa'idar malamai. Shari'a ba ta neman zakkar hatsi sai ya kai nisabi, wato sa'i 300, sannan a fitar da ushuri in ruwan sama ya shayar, ko rabin ushuri in da wahalar ban ruwa aka noma, a ba jinsin mutane takwas da aka ambata a Suratu Tauba. Shi kuwa zumuncin kaka ba ruwansa da nisabi, ba ya tambayar me ya shayar, kuma mai karɓarsa, in an matsa masa ya faɗi jinsin da ya shiga cikin takwas ɗin, iyakarsa ya ce shi matafiyi ne, ko da yake tankinsa cike yake da mai. Ban san wani ciniki a kasuwar Jimeta ba wanda burodi biyu ke haifar buhu huɗu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka mutanen karkara ba su iya hisabi ba, ko sun manta ranakun da suka zo birni neman magani, suka yi sallama a ƙofar gida mai ƙyauren ƙarfe, yaro ya leƙo ya ce Alhaji ya fita, alhali ga takalmansa a bakin zaure. Alhaji ya riga ya tayar da mota, yana ta "sai mun sake zagayowa," sai Bappa ya ɗaga hannu ya ce a dakata, akwai sauran kaya. Aka fito da wani yaro ɗan shekara goma sha wani abu, an yi masa sabon aski, yana rungume da akwatin kwano. A bayansa ga Goggo da ƙunshinta a ka, ta ɗaure ido ɗaya da tsumma.

"Wannan ƙaninka ne," in ji tsohon, "ya gama firamare, mun ba ka shi har ya gama sakandare. Ita kuma Goggonka idon ne ya matsa mata, an ce sai likitan Yola, kuma an ce aikin yakan ɗauki wata biyu da jinya. Tun da ka ce zumunci ya kawo ka, ba mu ga wanda ya fi ka cancanta ba."

Alhaji ya buɗe baki ya rufe, ya dubi buhunan, ya dubi Goggo, wadda tuni ta shige kujerar gaba ta gyara zama tana tambaya ko gidan nasa akwai fanka.