An Bar Jaki Ana Dukan Ƙarfen Gashi

Tun ranar da aka kafa mana mita mai kati a zaure na tashi daga maigida na koma ɗan sandan wuta. A zamanin bil na ƙiyasi, ƙwan ƙofar gidanmu kwana yake ya wuni a kunne, da rana tsaka yana gasa da hasken Allah, ba mai cewa uffan. Ka sha, ba ka sha ba, kuɗin ɗaya ne. Yanzu kuwa ko shan ruwa na tashi yi cikin dare sai na biya ta zaure da tocilan na gaida mita, na ji yadda ta kwana.

Lamarin ya ƙazanta ne a watan Afrilun 2024, da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225 kowane yunit. An ɗan rage daga baya, amma ragin ko goro bai saya. Unguwarmu na cikin masu wannan daraja. Kwana biyu muna taƙama mu ne 'yan aji ɗaya, a na uku mita ta soma kuka, irin na ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa.

Kati ya ƙare kafin lokacinsa, dole a samu mai laifi. A majalisarmu ta gindin darbejiya, bayan isha, dattawa suka zauna suka yanke hukunci ba tare da an kira wanda ake tuhuma ba: ƙarafan gyaran gashin mata ne, na miƙarwa da na nannaɗewa. Wani ya ce ai dutsen guga ne aka raba biyu aka sa masa baki irin na kada. Wani ya rantse ya taɓa taka na iyalinsa a ƙasa, sati guda yana ɗingishi, kuma abin da ya iya yi wa ƙafar namiji haka me zai bari a mita? Muka ce ƙwarai kuwa. Ba wanda ya taɓa juya abin ya karanta bayansa, amma wa ke neman karatu bayan an yi ittifaƙi?

Ranar Asabar akwai biki. Na tarar da Hajiya gaban madubi, ta tsefe kai, ta raba shi gida-gida, tana kama tsagi ɗaya da mataji tana bin sa da ƙarfen nan a hankali tun daga tushe har baki. Ɗan tururi na tashi, ɗaki ya ɗauki ƙamshin man gashi. Na gyara murya irin ta mai zartar da hukunci.

"Hajiya, wannan abin naki shi zai kwanar da mu a duhu."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta cikin madubi ta dube ni. "To Malam, wa ake yi wa?"

Nan fa na ɗan daburce. Gashin da za a rufe da ɗankwali, a ɗora gyale, daga ita sai ni ke ganinsa, ga ni kuma ni ne na shigar da ƙara.

Ashe 'yarmu da ke babbar sakandare na saurare. Ta ce, "Umma, ara mini." Ta juya ƙarfen, ta nuna mini wani ƙanƙanen rubutu kusa da waya: wat 45. Ta ce, "Abba, yunit ɗaya shi ne wat 1,000 a yi awa guda ana sha. Umma rabin awa take yi." Ta ɗauko biro ta yi lissafi a bayan kwalin ashana, a kan tsohon farashin 225 ma, don kada na ce an yi mini rowa. Naira biyar. Ko fiya wata ba ta saya. Na nannaɗewar ma tafiyarsu ɗaya. Na ce to zafin fa? Ta ce zafi kam akwai, yakan haura digiri 200, amma faranti biyu ne da ba su wuce faɗin yatsu biyu ba, ɗumama su ba aiki ba ne, kuma da sun kai zafinsu sai su rage shan wutar.

Da a nan ta tsaya da an rabu lafiya. Ina! Yaran zamani idan suka kama gaskiya ba su san ya isa ba. Ta shiga zagayen gida da kwalin ashanarta, ni da Hajiya a baya kamar masu rakiyar amarya.

Dutsen guga, wat 1,200. Da shi ake goge mini babbar riga duk Juma'a, shadda mai sitati da sai an yi awa guda ana kokawa da ita kafin ta miƙa wuya. Ko an cire lokacin da yake ɗan kashe kansa, gugar Juma'a ɗaya ta biya gashin Hajiya na watanni. Butar shayi, wat 2,000: minti shida naira 45, ni kuwa sau uku nake kunna ta kafin barci, cike taf, alhali kofi ɗaya zan sha. Da muka doshi ɗakina na ce dare ya yi, alhali ko la'asar ba a kira ba. Iyakwandishan mai doki ɗaya da rabi ya ɗara wat 1,000, kuma daga goman dare zuwa asuba yake ruri, ni ina ƙudundune cikin bargo. Yarinyar ta fara rubutu, na karɓe biron.

Na samu mafaka guda ɗaya, kuma adalci ya sa in faɗe ta: diraya. Wannan kam ta ci sunanta, wasu na kai wat 2,000, minti goma sha biyar rabin yunit ya tafi. Na ce yawwa, ga ɓarauniyar! Hajiya ta ce tata tun bara ta ƙone, na ce zan kai gyara, tana nan a but ɗin motata. A tsakar gida take shanya kai, rana kuwa har yanzu ba a sa mata mita ba. Ta ƙara da cewa in ƙarfen ya dame ni sai ta koma shagon gyaran gashi, inda janareta ke shan fetur ɗin da aka cire wa tallafi tun Mayun 2023, na biya aikin, na biya adaidaita sahu zuwa da dawowa. Na ce ai magana ba ta kai nan ba.

Da daddare na kai wa majalisa rahoto, har da kwalin ashanar. Aka yi tsit. Wani ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Wani ya ce rubutun bayan kaya ai ƙarya ce ta 'yan kasuwa. Mai ɗingishin ya tambaya ko an ji yadda aka tashi wasan Kano Pillars, aka koma can, har muka watse ba a dawo ba.

Shekaranjiya mita ta yi kuka ƙarfe biyu da rabi na dare. Kan Hajiya a kitse yake, shuku, yau sati biyu. Abu ɗaya ne ke kunne a gidan, kuma a ɗakina yake.