Bayani a Kan Motar da Ba Ta Bambanta Gaba da Baya

Ku sani, ya ku ɗaliban ilimi, tun da aka fara ƙera mota masana suka yi ittifaƙi a kan magana ɗaya: gaba da gudu, baya a hankali. Shi ya sa aka ware wa gaba giya uku ko huɗu, aka bar wa ribas guda ɗaya tak, ita ma sai da kuka take tafiya. Ba a sami mai ja da wannan hukunci ba sai wani mutumin Holan, Hub van Doorne, na kamfanin DAF da ke birnin Eindhoven.

A 1958, wajen baje kolin motoci na Amstadam, ya fito da wata 'yar mota, DAF 600, mai silinda biyu. Giyarta ya sa mata suna Variomatic. Babu kuloci a ƙarƙashin ƙafar direba. Sanda ce ɗaya: a tura ta gaba mota ta yi gaba, a jawo ta baya mota ta yi baya. Iyakar karatun direba ke nan.

To, a nan mas'alar take, sai a natsu. Maimakon haƙoran ƙarfe masu cizon juna, malamin ya sa bel biyu na roba, ɗaya na tayar baya ta dama, ɗaya na ta hagu. Kowane bel yana zagaye gargare biyu, kowane gargare kuwa kamar malfa biyu ne da aka haɗa tsininsu, bel na zaune a kwarin da ke tsakani. In direba ya taka totur inji ya ɗau zafi, wasu ƙarafa masu nauyi da ke juyawa a ciki, tare da zuƙar iskar inji, sai su matse malfunan gaba. Bel ya rasa wurin zama, ya hau sama, na baya su buɗe ya nutse a cikinsu, gudu ya ƙaru ba tare da an ji ƙarar shigar giya ba. Saboda haka mai tambayar giya nawa ne a motar, amsarsa biyu ce, kuma duka sun inganta: babu ko ɗaya, ko kuwa ba su ƙirguwa. Daga cikin falalarta, in bel ɗaya ya tsinke, ɗayan kan lallaɓa da mutum har gida.

Abin da ya rikita ittifaƙin magabata shi ne, ribas a wannan mota juya akalar juyin kawai yake yi tun kafin ƙarfi ya isa ga bel. Bel kuwa roba ne, ba a sanar da shi inda aka dosa. Don haka duk gudun da DAF 600 za ta yi gaba, wajen kilomita 90 a awa, za ta iya yinsa da baya. Mutanen Holan, da yake ba sa barin ilimi ya tafi a banza, suka riƙa shirya tseren ribas a filin Zandvoort ana nunawa a talabijin, direbobi sun murɗe wuya, motoci na tuntsurawa. Dole aka ware wa DAF rukuninta daban, don sauran motoci ba su da ta cewa. Wannan fa motar da ake yi wa kallon ta tsofaffi ce.

A 1975 Volvo ta karɓi sashen ƙananan motocin DAF, ta ci gaba da wannan giya har 1991. Kafin nan an ƙera irinta mai bel na ƙarfe maimakon roba, wadda ta shiga Subaru Justy da Fiat Uno da Ford Fiesta a 1987. Kamfanin tsere na Williams ya gwada irinta a 1993, hukumar Formula 1 ta haramta ta tun ba ta shiga tsere ko sau ɗaya ba.

Jikokinta ne ake kira CVT a motocin yanzu, sai dai an ɗaure musu ribas. Wanda ya ci karo da tsohuwar DAF a tsaye, kada ya tsaya a gabanta, kada kuma ya tsaya a bayanta.