Alhaji, Ajiye Garin Tuwon Nan, Alƙahira Za Ka

Na san ku sarai. Tun ban buɗe baki ba kun riga kun taɓe naku: "Yawon buɗe ido? Mu ai idonmu a buɗe yake." To madalla. Ni dai na ga jakunkunanku a filin jirgin Malam Aminu Kano ranar da za mu tashi zuwa Masar. Garin tuwo mudu biyu, kuka, daddawa an ƙulle ta cikin leda uku don kada ta tona asiri, yaji a gwangwanin madara, ga kilishi a naɗe. Mutum zai yi kwana goma a birnin da ya haura shekara dubu da kafuwa, amma ya yi guzuri kamar mai shiga dajin Falgore.

In an sauka kuwa, daga masauki sai asibiti, daga asibiti sai shagon abaya, daga nan sai filin jirgi. A dawo gida a ce, "Alhaji, ya Masar?" Ya gyara zama ya ce, "Kai, akwai cunkoso." Shi ke nan labarin ya ƙare. An biya kuɗin jirgi an je an gano abin da ake samu kyauta a bakin Kantin Kwari.

Bari in fara da kai, Bakano, tunda kai ne mai babbar murya. Ka ce me za a nuna maka a Giza, kai da ka tashi a gindin Dala? Gaskiyarka, kana da Dala, amma Allah ne ya ajiye maka ita, ko tsakuwa ɗaya ba ka ɗora ba. Dalar da ka gina da hannunka ta gyaɗa ce, ita kuwa tun wajajen shekarun 1970 ta fara zamewa, yau sai a hoto. Ta Fir'auna Khufu ta yi kimanin shekara 4,500 tana tsaye. Tsayinta na asali mita 146, duwatsunta sun haura miliyan 2, na gindi in ka tsaya kusa da su sai sun kusa kai maka ƙirji. A hoto tsibin ƙasa ce kawai. Ranar da ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai har hularka ta faɗi, ranar za ka san gani ya kori ji. Ka yi sammako, kafin rana ta buɗe da motocin baƙi. Can gangare ga Abul Haul a kwance, jikin zaki, kan mutum, hancin ya gutsure, yana kallon gabas bai damu da kowa ba.

Sai dai ka yi hattara da mai raƙumi. Ni da nake ba ku shawara, da ni aka fara. Wani ya tare ni da fara'a kamar mun yi makarantar allo tare, "Ya basha, hoto kawai, kyauta!" Na ce banza ta samu. Na hau, raƙumi ya miƙe da ƙafafun baya tukuna, na kusa sumbatar wuyansa, sannan ya miƙe gaba ɗaya, ƙasa ta yi mini nisa. Aka ɗauki hoto. Na ce to a sauke ni. Mutumin ya dube ni da tausayi ya nuna mini cewa hawa ne kyauta, sauka kuma da kuɗinta. Ina can sama, babbar riga tana kaɗawa, nake ciniki da wanda igiyar ke hannunsa. Ni da kakannina suka yi fatauci da Buzaye, raƙumi ya ci ni da yaƙi. Don haka ku gama magana tun ƙafarku tana ƙasa: nawa ne, har ina, da kuɗin wace ƙasa, kuma har da sauka. In ba ku so, "la, shukran" ta ishe ku, ku faɗe ta kuna tafiya.

Na ji gyaran muryarka, Allah gafarta Malam. Ka ce kai ba ka zuwa kallon gumaka da kaburburan kafirai. To, an bar maka. Amma kai ne fa duk azumi kake ba mu labarin Fir'auna har muryarka na rawa. Ga gawawwakin sarakuna da sarauniyoyin Masar can a kwance a gidan tarihi na Fusɗaɗ, guda 22 da aka kwaso daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir a watan Afrilun 2021, cikin jerin gwano da kaɗe-kaɗe. Har da Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki shekara 66, ga shi nan a bushe cikin gilashi, da sauran gashi a kansa, ba dogari ko ɗaya. Wane wa'azi ne ya kai wannan?

In kuma ka ƙi, to zo mu tafi inda ba ka da ta cewa. Nan kusa masallacin sahabi Amru ɗan Asi yake, wanda aka kafa wajajen 642, na farko a ƙasar Masar. Ga na Ibn Ɗulun da aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ta naɗe ta ta waje; hau ka ga gari, in gwiwa ta yarda. Ga Azhar, an ɗora harsashinsa a 970, aka fara salla a ciki a 972. Cire takalmi ka taka farin dutsen tsakar gidansa da hantsi, ka ga ɗalibai sun jingina da ginshiƙai suna bita, wani daga Indunusiya, wani daga Senegal, wani in ka yi sallama da Hausa zai amsa maka har ya tambaye ka mutanen gida. Jalalainin da kake ja mana baƙi da shi, malaman nan biyu da suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi, 'yan garin nan ne. Suyuɗi ya rasu a 1505, kuma ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Mai Muhtasar ma, Shehu Halilu, Bamisire ne. Shekara talatin kana cin abincin gidan mutane, an kawo ka ƙofar gidan ka ce ba ka shiga?

Bakatsine kuma na ga ka fara gyara hula, to ga taka. Wani malaminku, Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafin hatimi, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ka samu abin fahariya na shekara guda, sai ka rage mana hanya. Barebari su ma tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka tanadi makaranta da masauki a garin saboda ɗalibansu da alhazansu. Mansa Musa na Mali ya yada zango a nan a 1324, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Wato mutanenmu sun daɗe suna zuwa garin nan ana yi musu tsada. Ba a kanku aka fara ba.

Wani gargaɗi, Malam: Larabcin nan naka na Ajurumiya, riƙe shi da kyau, amma kada ka ɗauka zai saya maka ko ruwa cikin sauƙi. Ni na tsaya gaban wani direban tasi na jero masa jimla da wasullanta cif, fa'ili a wurinsa, maf'uli a wurinsa. Ya saurare ni har na dire, ya ce, "Sadaƙallahul azim." Su jimun nasu ga ce, Jamalu ya koma Gamal, ƙaf kuwa sun haɗiye ta, gahawa ta zama "ahwa". Kalma uku za su fisshe ka: "bikam", wato nawa ne, "ma'alesh", wato yi haƙuri ba komai, sai "bakshish", wadda ba kai za ka faɗa ba, ji za ka yi, daga mai ajiye takalmi har mai nuna maka ƙofar da kake kallo da idonka.

Yanzu sai ke, Hajiya, mai tsaron tukunya. Kin ce abincin Larabawa salam yake, ba ya riƙe ciki. Ranki ya daɗe, zo ki ga abin kunya. Wannan koriyar miyar mai yauƙi da suke kira mulukiyya, suna lashe baki, lalo ce. Lalon da ke fitowa a bayan gidanki da damina, wadda kike cewa miyar ƙauye. Su sun yanka ta ƙanana, sun dafa da romon kaza ko na zomo, sun soya tafarnuwa sun antaya a kai, har matansu na da al'adar jan numfashi da ƙarfi lokacin antayawar, wai don ta yi daɗi. Karkade da za a kawo miki a kofin gilashi, zoɓo ne. Tamar hindi, tsamiya ce. Dom, goriba ce aka jiƙa. Bamiya, kuɓewa. Aish baladi da ake ɗaukowa a kan faranti na katako, yaro yana tuƙa keke da hannu ɗaya, 'yar'uwar gurasar Jakara ce, kuma kalmar aish ɗin ma rayuwa take nufi. Ta'amiyya kuwa ƙosai ne ya je Azhar ya yo karatu: waken ful aka markaɗa da ganyaye, waje ja, ciki kore shar, an barbaɗa riɗi. Ki saya da zafinsa da safe, ki tura cikin gurasa tare da ful da ɗan man zaitun, in kin nemi abinci kafin La'asar ki zo in biya.

Sarkin su duka koshari. Ku da kuke cin garau-garau kuna santi ba ku da bakin raina shi. Shinkafa ce da adas da taliya da makaroni, a zuba miyar tumatir, a watsa wani wake mai kama da gujiya, a rufe da soyayyiyar albasa mai ƙaras-ƙaras. Ki tsaya ki kalli mai zubawa: manyan tukwane a gabansa, ludayi yana bugun bakin kwano kamar mai kiɗan ƙwarya, kafin ki ƙifta ido ya haɗa kwano biyar. A kan tebur akwai kwalabe biyu. Ɗaya dakka ce, ruwan tafarnuwa da tsami. Ɗayar shaɗɗa, barkono. Na ga wani ɗan'uwanmu ya ce wai barkonon Larabawa wasan yara ne, ya tuntsura rabin kwalba. Bai ƙara magana ba sai da ya sha ruwan rake kofi biyu. Gidan Abu Ɗariƙ da ke tsakiyar gari ya yi suna a kan koshari, bene hawa-hawa ba a sayar da komai sai shi, amma kowace unguwa tana da nata gwanin. Inda kika ga 'yan gari sun yi layi, nan za ki tsaya. Da dare kuma a nemi tantabara da aka cusa wa shinkafa ko ɗanyar alkama aka gasa. Alhaji da ke kiwon tantabaru a soro shekara ashirin bai taɓa sanin haka suke da daraja ba.

Kasuwa kuwa ba sai na roƙe ku ba, ita ce kaɗai wurin da kuke zuwa da ƙafarku. Khan al-Khalili tun ƙarni na 14 take ci, tsallaken titi daga Azhar, gefen masallacin Husaini. Lunguna ne matsattsu kamar na Kurmi, fitilun tagulla, turare, carbi, da ƙananan dala na roba da aka ƙera jiya ake rantsuwa tun zamanin Fir'auna suke. A nan dai na yarda da kai, Bakano, fito da halinka. In ya ce ɗari, taya talatin, ka juya kamar za ka tafi, zai kira ka. In kun gaji ku zauna a gidan shayin Fishawi, wanda ya haura shekara 200, mai manyan madubai da suka dushe, inda marubuci Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya sha zama. A kawo shayi da na'ana'a a 'yar buta. Daga nan ku bi titin Mu'izz da ƙafa bayan Magariba, lokacin da aka kunna wa tsofaffin masallatai fitilu, har ku ɓulla Babul Futuh.

Tsallaka titi shi ne jarrabawar ƙarshe. Garin da mutanensa suka haura miliyan 20 ba ya tsayawa don baƙo. In ka ce sai mota ta ɗauke, a nan za ka yi Isha'i. Dabarar ita ce ka nemi wata tsohuwa mai kaya a hannu, ka laɓe a gefenta, in ta taka ka taka. Ba abin kunya ba ne, baƙo ko da ido makaho ne. In cunkoson ya ishe ka, sauka ƙasa ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa da suka buɗe tun 1987, na farko a Afirka. Akwai taragun mata zalla a tsakiya. Alhaji, duba alamar kafin ka faɗa, kada a koya maka sabon Larabci.

Ranar ƙarshe ku hau ganuwar Salahuddin da aka fara ginawa a 1176, ku leƙo hasumiyoyi har iya ganinku. Da yamma ku gangara bakin Nilu ku ɗauki faluka, kwalekwalen da iska ke turawa ba inji. Da an ɗan yi nisa da gaɓa sai ƙarar hon ta koma kamar a mafarki, kiran sallar Magariba ya taso daga gabas da yamma a lokaci guda. A nan ne wani Alhaji da muka je tare, wanda ya kwana tara yana mita, ya yi shiru, can ya ce, "Ashe garin yana da kyau." Na ce ashe.

Kafin ku ce na cika baki, bari in tona kaina. Ni ma da garin tuwon na je, mudu biyu cif, uwargida ce ta auna. Ko ƙullin ban kwance ba. Daren da za mu taho na kai wa wasu ɗalibanmu na Azhar, yaran da suka shekara uku ba su ga gida ba. Yadda ɗayansu ya buɗe ledar daddawa ya shaƙa ya lumshe ido, na gane wanda ya cancanci guzurin. Saboda haka ku ɗauko kayanku, ban hana ba, akwai masu jira. Ku dai ku fita ku ci na gari. Yajin kam ku riƙe a aljihu, don tantabarar nan, duk daɗinta, tana neman sa.