Gaisuwa ga Gimbiya Leda, Mai Garwa da Kewaye

Allah ya ja zamanin baƙar leda, gimbiyar kasuwa, uwar ɗakin masu ƙosai, aminiyar mai kilishi, wadda ba ta tsufa, ba ta ruɓa, ba ta san hanyar maƙabarta ba. Sarakuna sun yi mulki a bakin Binuwai sun shuɗe. Jamus ta zo ta tafi, Faransa ta zo ta tafi, jiragen ruwan da ke lodin auduga da gyaɗa a tashar Garwa sun daina zuwa. Ke kuwa, ranki ya daɗe, wadda aka yar bara tana nan inda aka yar da ita, jikokinmu ma za su same ta su kwashi gaisuwa.

Wane gari ne ya kai namu iya karrama baƙo? Je ka babbar kasuwa da hantsi ka ga mutunci. Tumatur uku, leda. Dunƙulen magi biyu, leda. Ledar ma a saka ta cikin wata ledar, don kada rana ta taɓa ta. Kunu mai zafi a juye shi ciki yana tururi, yaro ya huda gindinta da haƙori ya tsotse, ya sake ta ga iska cikin natsuwa irin ta wanda ya sauke farali. Mai babur ya shanye ruwan leda yana gudu, ya wurgar ta baya ba waiwaye, saboda mutumin kirki ba ya bin sawun kyautarsa. Kakanninmu, Allah ya gafarta musu ƙauyancinsu, sun yi ta wahala da ƙwarya da kwando da faifai, kayan da in sun mutu sai su koma ƙasa ba tarihi. Mu mun bar wa itatuwan darbejiya abin tunawa: a tsakiyar rani, lokacin da zafin Garwa ke korar kowa inuwa, ga su nan sun yi 'ya'ya baƙaƙe a kowane reshe, ba ban ruwa, ba taki.

Sai kuma doka, sarauniyar haƙuri. A 2012 ministocin muhalli da kasuwanci na Kamaru suka sa hannu kan takardar da ta haramta ledar da ba ta ruɓa, mai kaurin da bai wuce maikiron 60 ba, aka ce ta fara aiki a Afrilun 2014. Madalla da doka mai kunya, mai kawaici, 'yar gidan tarbiyya, wadda ta shekara fiye da goma ba ta ɗaga wa mai shago murya ba sai jefi-jefi, in an zo da kyamara. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, suka bi abin da zafi kamar ba su san zumunci ba. Tamu dokar ta san darajar maƙwabtaka. Buhunan leda na tsallako iyaka daga Najeriya, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ba su hanya, kamar amarya a gaban surukai.

Amma ba a sanin girman gimbiya sai damina ta sauka. A nan take nuna gwanintar gini. Injiniyoyin Sin sun ɗauki shekaru kafin su gama madatsar Lagdo a 1982. Leda a dare ɗaya take datse kwalbati, ba siminti, ba kwangila, gari ya waye ruwa ya shigo tsakar gida har ɗaka ya gaishe da masu gida. Abin da ya kwanta a lambatu kuma ya zama masaukin sauro, bayin Allah da ba su da kowa sai ita. Ba ta manta dabbobi ba. Tambayi mahauci abin da yake tararwa in ya farke tumbin akuya: curin leda a murɗe, baƙi ƙirin, ya ƙoshar da ita har ta daina sha'awar ciyawa. Da magariba a cinna wa juji wuta, hayaƙi ya turare unguwa kyauta, jarirai su shaƙa, tsofaffi su yi tari na godiya.

Wadda ta tsira daga wuta da cikin akuya sai ta kama hanya. Ta faɗa Binuwai, ta ratsa ƙarƙashin gada ta gefen dorinai, ta leƙa komar masunci don kada ya koma gida hannu rabbana, ta wuce Yola, ta wuce Makurɗi, ta sadu da kogin Kwara a Lokoja, ta nufi tekun Atlantika. Garin da ba shi da gaɓar teku, ga shi yana aika wa teku tsaraba kowace shekara, ba fasfo, ba kuɗin mota.

Abin takaici, ko'ina akwai mahassada. Wasu matasa kan fito ranar Asabar da manjagara da baro suna yashe lambatu, ba wanda ya biya su ko dala. A Kribi, ƙungiyar Madiba & Nature na tsince robobin ruwa tana ɗaure su ta yi kwale-kwale. Can a tsibirin Aldabra na ƙasar Seshel, inda kunkuru suka fi mutane yawa nesa ba kusa ba, 'yan sa kai sun shafe makonni biyar a 2019 suna sunkuye cikin rana, suka kwashe tan 25 na tarkace, akasari kayan kamun kifi da silifa. Gimbiya ba ta ko girgiza ba: an ƙiyasta sun baro fiye da tan 500.

Saboda haka kada masu manjagara su ji tsoron zaman banza. Su yashe ranar Asabar, mu cika ranar Lahadi, hukuma ta zo ranar bikin muhalli da riguna masu tambari ta yi jawabi, a raba wa mahalarta ruwan sanyi a leda.